Sayen Kuɗi da Kuɗi: Yadda Sulallan Tunawa Suka Zama Tikitin Jirgi

Tsakanin shekarar 2008 da 2011, ma'aikatan wasu bankuna a Amurka sun saba ganin wani irin abokin hulɗa. Mutum zai shigo da kwalaye masu nauyi ya jibge a kan kanta, a buɗe a tarar da sulallan dala ɗaya sababbi fil, a naɗe cikin takarda yadda suka fito daga masana'anta. Daga gwamnati ya sayo su da katin bashi, kowace dala a kan dala ɗaya, ga shi kuma ya kawo su ya zuba a asusunsa don ya biya bashin katin. Ko sisi bai ragu a dukiyarsa ba, amma ya tara makin da zai hau jirgi da shi ba tare da ya sayi tikiti ba. Doka ba ta hana wannan ba. Sai dai abin ya jawo asara ga baitulmali, ya kuma tona yadda tukuicin da kamfanonin kati ke rabawa yake fitowa daga aljihun wasu.

Tushen lamarin

Amurka ta daɗe tana neman jama'arta su karɓi dala ɗaya ta ƙarfe a madadin ta takarda. An gwada a 1979 da sulai mai hoton Susan B. Anthony, aka sake gwadawa a 2000 da mai hoton Sacagawea, duk mutane suka yi biris. Dalilin gwamnati na tattalin kuɗi ne: takarda tana tsufa cikin 'yan shekaru, ƙarfe kuwa yana kai shekara 30 yana yawo. A 2011 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta cewa sauya takardar da ƙarfe zai iya rage wa gwamnati kashe kimanin dala biliyan 5.5 cikin shekara 30.

A 2005 majalisa ta yi dokar buga sulallan tunawa da shugabannin ƙasa, huɗu a kowace shekara, bi da bi kamar yadda suka yi mulki. An fara da George Washington a 2007. Da aka ga sulallan ba sa shiga kasuwa, sai hukumar buga sulalla ta ƙasar ta fito da wani shiri a 2008: duk mai so ya yi oda ta intanet, a aiko masa da kwali mai ɗauke da dala 250, ƙunshi goma, kowane ƙunshi sulai 25. Farashi shi ne darajar da ke rubuce a jikin kuɗin, kuɗin aikawa kuma hukuma ce ke biya. Niyyar ita ce masu kantuna da masu ƙananan sana'o'i su riƙa ba da canji da su har hannu ya saba.

Inda bangon ya tsage

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, an yarda a biya da katin bashi. Na biyu, tsarin katin ya ɗauki cinikin a matsayin sayen kaya, alhali abin da aka saya kuɗi ne tsaba. A ƙa'ida, wanda ya ciri tsabar kuɗi da katin bashi yana biyan la'ada nan take, kuɗin ruwa ya fara hawa tun daga ranar, kuma ba ya samun maki. Mai sayen kaya kuwa yana da 'yan makonni kafin kuɗin ruwa ya hau kansa, ga maki a kan kowace dala. Na uku, kowane banki zai karɓi sulallan, domin kuɗin ƙasa ne halastattu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa hukuma ce ta yi ta da hannunta.

Lissafin mai sauƙi ne. Yawancin katunan da ke haɗe da kamfanonin jiragen sama suna ba da maki ɗaya, wanda ake kira mil, a kan kowace dala, kuma a wancan lokaci mil 25,000 kan isa tikitin zuwa da dawowa a cikin Amurka. Kowane sulai yana da nauyin giram 8.1, wato kwali ɗaya ya ɗan haura kilo biyu. Mai son tikiti ɗaya ke nan sai ya yi odar kwali 100, ya yi dakon ƙarfe mai nauyin kilo 200 da ɗoriya daga ƙofar gidansa zuwa banki. Wahalar ke nan kaɗai: ɗauka, lodawa a mota, da haƙurin tsayawa gaban ma'aikacin banki yana ƙirga. An sa iyaka ta kwali biyu a kan sulallan kowane shugaba, amma da aka fara buga jerin masu tunawa da 'yan asalin ƙasar a 2009, ba a sa musu irin wannan iyaka da farko ba, sai masu neman maki suka yi musu ca. A watan Disamba na 2009 jaridar Wall Street Journal ta fallasa abin, har ta kawo labarin wani da ya ce ya sayi na dala 800,000. In maganarsa gaskiya ce, ƙarfen da ya yi jigila ya kusa tan shida da rabi.

Wa ya biya?

Maki ba daga sama suke faɗowa ba. Duk lokacin da aka yi ciniki da katin bashi, mai sayarwa ne ke biyan wani kaso, galibi tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100, kuma daga wannan kason banki ke sayo mil daga kamfanin jirgi ya bai wa mai kati. Ɗan kasuwa yakan cusa wannan kuɗi a cikin farashin kayansa. Ita hukumar buga sulalla ba ta da inda za ta cusa, tunda ta yi alƙawarin sayar da dala a kan dala. Saboda haka ta biya la'adar kati, ta biya kuɗin aika kaya masu nauyi, sannan abin da aka yi duk wannan dominsa bai samu ba. Sulallan ba su taɓa hannun mai kanti ko direban tasi ba. Daga masana'anta suka je gida, daga gida suka je banki, bankin kuma, da yake ba mai tambayarsu, ya tura su rumbun babban bankin ƙasa.

Hukumar ta yi ƙoƙarin toshe ɓarakar sannu a hankali. Ta aika wa manyan masu saye wasiƙu, ta ƙayyade sulai 1,000 cikin kowane kwana goma, kakakinta kuma ya bayyana cewa abin bai saɓa wa doka ba amma cin zarafin shirin ne. Duk da haka aka ci gaba. A watan Yuli na 2011 ta daina karɓar kati gaba ɗaya a wannan shiri. Wannan ya rufe ƙofar, amma ya haɗa da mai ƙaramin kanti da yake saye don ba da canji da gaske, wanda daga lokacin sai dai ya bi ta hanyar cek ko tura kuɗi ta banki.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu neman maki ba su ne suka cika rumbun ba. A watan Disamba na 2011, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa Joe Biden da sakataren baitulmali Timothy Geithner suka sanar da dakatar da buga waɗannan sulalla don kashewa a kasuwa, an ce kimanin biliyan 1.4 ne ke jibge a rumbunan babban banki, kuma dakatarwar za ta rage kashe dala miliyan 50 a shekara. Babban dalilin tarin shi ne dokar ta tilasta a samar da sabon sulai na kowane shugaba ko da na baya ba su ƙare ba, sannan an bar takardar dala ɗaya tana yawo. Kanada ta fitar da nata sulai a 1987 ta daina buga takardar a 1989. Birtaniya ta fitar da fam ɗaya na ƙarfe a 1983 ta janye takardar a 1988. A duka ƙasashen biyu mutane sun karɓi ƙarfen domin babu zaɓi. Amurka ta ƙi ɗaukar wannan mataki mai ɗaci, ta koma lallashi da kyauta, masu wayo kuma suka kwashe kyautar.

Abin da ya faru a Birtaniya

Birtaniya ta faɗa irin wannan rami ta wata hanya, sakamakon kuma ya bambanta. Daga 2013 masana'antar buga sulalla ta Royal Mint ta fara sayar da sulallan azurfa na tunawa a kan darajarsu: na fam 20 a kan fam 20, daga baya aka kawo na fam 100 mai hoton hasumiyar Big Ben, da na fam 50. An tallata su a matsayin kuɗi halastattu. Wasu suka saya da yawa da katin bashi, suka nufi banki da su. A farkon 2016 masana'antar ta rubuta wa bankuna cewa waɗannan sulalla na ajiya ne da kyauta, kada a karɓe su a kanta.

A nan ne mutane suka gane cewa a dokar ƙasar, halascin kuɗi yana da ma'ana taƙaitacciya, wadda ta shafi biyan bashi a gaban kotu, ba ta wajabta wa kanti ko banki karɓa ba. Waɗanda suka tara sulallan suka wayi gari da bashin kati a wuyansu, ga ƙarfen da azurfar cikinsa ba ta kai rabin abin da suka biya ba. Kakar da ta saya wa jikanta ɗaya da tunanin kuɗinta na nan daram, ita ma abin ya shafe ta. A Amurka gwamnati ce ta ɗauki asarar, a Birtaniya kuwa ta faɗa kan mai saye, mai laifi da marar laifi.

Abin lura

Wannan ɗabi'a ba ta mutu da rufe shirin ba. Masu yin ta sun koma sayen katunan kyauta da takardun tura kuɗi, bankuna kuma suka ƙara sa ido, suna rufe asusun wanda suka ga yana juya kuɗi ba tare da sayen komai ba. Muddin akwai tukuici a kan yawan abin da aka kashe, za a samu masu ƙirƙirar kashewar da ba ta da kaya a bayanta. Inda aka rage la'adar, kamar Tarayyar Turai da ta ƙayyade ta a kashi 0.3 cikin 100 a kan katin bashi a 2015, tukuicin ya ragu, kwaɗayin ma ya ragu.

Kuskuren hukumomin biyu iri ɗaya ne: sun auna nasara da yawan abin da aka saya, ba su bi sawun inda kayan suka kwana ba. Da tun ranar farko an rubuta cinikin a matsayin cirar tsabar kuɗi, ko an ɗora wa mai saye kuɗin aikawa, da ba a kai ga haka ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mai iya wannan dabara shi ne mai katin da aka amince masa da bashi mai yawa, mai mota, mai lokaci. Wanda ke biyan la'adar a ɓoye cikin farashin kaya da haraji kuwa har da talakan da bai taɓa mallakar kati ba. Duk hukumar da za ta yi rangwame da dukiyar jama'a, wajibi ne ta fara tambayar wa zai fi saurin isa gare shi, da kuma wa zai biya, kafin ta buɗe ƙofa.