Tabon huhu: mai hazo ko mai tauri, wanne ya fi haɗari?

Sau da yawa wani ciwo daban ne ke kai mutum ɗaukar hoton CT na ƙirji, sai likita ya hango ɗan tabo a huhu. Wani tabon fari ne fat, ya rufe abin da ke bayansa; shi ne mai tauri. Wani kuwa dishi-dishi yake kamar hazon hunturu, ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa. A ido, na farkon ya fi ban tsoro, amma lissafin likitoci ya sha bamban da na ido.

Ƙananan tabo masu tauri galibinsu ba kansa (ciwon daji) ba ne. Sau tari sawun tsohon ciwo ne da ya warke, musamman tarin fuka, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu. Sai dai idan kansa ce, tana da gaggawa: cikin watanni kaɗan takan ninka girmanta. Shi ya sa ƙa'idojin Ƙungiyar Fleischner na 2017 suka ce wanda ya haura milimita 8 a sake ɗaukarsa bayan wata uku, ko a yi hoton PET, ko a tsakuro nama a gwada. Idan kuwa ya shekara biyu bai motsa ba, yawanci hankali ya kwanta.

Mai hazo halinsa daban. Da yawa kumburi ne ko ragowar ciwon huhu, su ɓace da kansu. Wanda ya ƙi ɓacewa kuma ya fi mai tauri yiwuwar zama mafarin kansa, har ga matan da ba su taɓa shan taba ba, kamar yadda ake yawan gani a Japan da Sin. Amma tafiyarsa ta shekaru ce. Don haka shekara biyu ba ta wanke shi: wanda ya kai milimita 6 ana sake dubawa cikin wata 6 zuwa 12, sannan duk bayan shekara biyu, har shekara biyar ta cika.

Abin da likita ke fako shi ne ɗigo mai tauri ya tsiro a tsakiyar hazon. Da zarar ɗigon ya kai milimita 6, maganar tiyata ta taso, kuma idan an cire a wannan mataki akasari ana warkewa sarai.

Ashe mai tauri hanzari yake so, mai hazo kuwa naci. Babban haɗarin mai hazo shi ne majiyyaci ya ji garau, ya ga tsadar hoto, ya daina komawa asibiti.