Lantana mai rarrafe: furen da ke rufe ƙasa

Ba kowane fili ne ciyawar ado ke kamawa ba. Gangare da bakin katanga da wurin da rana ke duka tun safe har yamma, nan ne masu lambu ke dasa lantana mai rarrafe.

Asalinta Kudancin Amurka ne, ƙasashen Yurugwai da Ajantina da kudancin Barazil. Sunanta a wajen masana tsirrai, Lantana montevidensis, daga birnin Montevideo aka ɗauko shi. Da wuya tsayinta ya wuce rabin mita, amma gindi ɗaya kan bazu fiye da mita ɗaya, domin duk inda reshe ya kwanta a ƙasa mai laima sai ya yi saiwa. Da haka take shimfiɗuwa kamar tabarma, ta hana ciyawa fitowa, ta riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Furanninta ƙanana ne a dunƙule, masu launin shunayya, akwai kuma farare. Malam-buɗe-littafi ba ya rabuwa da su.

Ba ta da wahalar reno. A yanki reshe a dasa, a yi ta ban-ruwa har ya kama. Daga nan tana jure fari. Inuwa da yawan ruwa ne ke hana ta fure.

Sai dai tana da aibi. Ganyenta na da guba ga shanu da tumaki, yana lalata hanta. A jihar Queensland ta Ostareliya ta tsallake lambuna ta mamaye makiyaya. Duk gidan da ake kiwo ko yara ke wasa a tsakar gida, gara a nemi wani furen.