Waswasi Ba Hauka Ba Ne

Mutum ya tashi daga Kibiya za shi Rano, ya yi nisa, sai zuciyarsa ta ce, anya ka kulle rumbu? Mace tana jan ruwa da goyo a bayanta, sai ta ga kamar yaron ya faɗa rijiya. Wani yana cikin salla, sai mummunan tunani ya faɗo masa. Wannan shi ne waswasi, watau tunanin da ke zuwa ba a kira shi ba, ba a kuwa son sa.

Mutane da yawa su kan ɓoye shi don kunya. Su kan ce ko sun fara taɓuwa, ko an yi musu sammu. To, ku ji abin da masana suka gano.

A 1978 waɗansu masana biyu a Ingila, Rachman da de Silva, suka tambayi mutane masu lafiya. Wajen 8 cikin 10 suka ce irin wannan tunani ya kan zo musu. A 2014 wani malami a Kanada, Radomsky, da abokan aikinsa suka tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Saliyo. Wajen 94 cikin 100 suka ce ya zo musu cikin wata uku da suka wuce. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne shakka, irin ta mai rumbun nan. Ashe ba kai kaɗai ba ne.

To, me ya sa ya ke wuce wani, ya maƙale wa wani? A 1987 wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa ɗalibai kada su tuna wata farar dabba har minti 5, in sun tuna su buga ƙararrawa. Suka yi ta bugawa. Da aka sake su, sai tunanin ya ƙara yawa. Ku gwada a aji. Kada kowa ya tuna farin jaki, wanda ya tuna ya ja zane a ƙasa. Za ku ga zane da yawa. Dalili kuwa, mai gadin zuciyarsa sai ya riƙa dubawa ko abin ya dawo, dubawar nan ita ke dawo da shi.

Malamanmu sun san wannan tun da daɗewa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin waswasi cikin littafinsa na lafiyar jiki da ta rai. Malaman Malikiyya kuma sun koyar cewa wanda shakka ta aure shi cikin salla, kada ya biye mata.

Ga abin yi. Waswasi kamar mai talla ne a ƙofar gida. In ka taya, ya zauna. In ka bi shi da faɗa, ka bar aikinka. In ka ƙyale shi, ya wuce. Saboda haka ka ce a ranka, wannan tunani ne kawai, ka ci gaba da nomanka. In ka duba rumbu sau ɗaya, kada ka koma. Ka sani tunani dabam, aiki dabam. Uwar da ta tsorata da tunanin rijiya, son ɗanta ne ya tsorata ta.

Amma akwai wanda abin ya zama masa ciwo, wajen mutum 1 ko 2 cikin 100. Ya kan sake alwala sau goma, ko ya yi ta wanke hannu har ya tsage, abin ya ci masa fiye da awa guda kullum. Kada a yi masa dariya, kada a ɗaure shi. A kai shi Babban Asibitin Rano, ko asibitin Dawanau, ko na Malam Aminu Kano. Likita zai koya masa zama da tunanin ba tare da maimaita aikin ba, wani lokaci a haɗa da magani. Da yawa su kan sami sauƙi. Wanda kuwa ya ji yana son ya cuci kansa, a kai shi ran nan, kada a kwana.

Tambayoyi
1. Mene ne waswasi?
2. Me ya faru da ɗaliban Wegner?
3. Yaushe ya kamata a je asibiti?