Ina Mawaƙan Da Za Su Kai Kukan Talaka?

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci a kan mawaƙanmu, don amfanin 'yan uwana manoma da 'yan tireda.

A shekarar 1977 ina saurayi, ina taya kawuna sayar da goro a Idi-Araba cikin Legas. Ran 18 ga Fabrairu sai muka hangi hayaƙi ya turnuƙe ta wajen Mushin. Ashe sojoji ne wajen 1,000 suka auka wa gidan mawaƙin nan Fela Anikulapo Kuti, suka lakaɗa wa mutanen gidan duka, suka cinna wa gidan wuta. Mahaifiyarsa, tsohuwa, aka wurgo ta daga tagar bene, ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu a 1978. Babban abin da ya harzuƙa su shi ne waƙarsa Zombie, inda ya kwatanta soja da gawar da ake juyawa, ba ta da tunani sai bin umarni. Da gwamnati ta yi bincike, sai ta ce wai ba a san sojojin da suka yi ɓarnar ba.

Amma Fela bai saduda ba. A 1979 ya ɗauki akwatin gawa ya kai barikin Dodan, fadar gwamnatin soja, don tuna musu da uwarsa. A 1984 aka yanke masa ɗaurin shekara 5 bisa zargin safarar kuɗin ƙasashen waje, aka sake shi a 1986, ya ci gaba da waƙa har ya mutu a watan Agustan 1997.

Ni ban yarda da shaye-shayensa da wasu ɗabi'unsa ba. Amma wallahi ya yi wa talaka rana. Da Turancin buroka yake waƙa, don ɗan dako da kwandasta su gane. Na ga mutanen da ke tsoron ɗaga ido su kalli soja suna rera waƙarsa a tasha, tsoro ya fara fita daga zukatansu.

Mu ma nan Arewa mun yi irin namu. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya sa jama'a suka dubi wahalar wanda ba a ɗauka a bakin komai.

To, jama'a, yau fa? Da zarar zaɓe ya ƙarato sai waƙoƙin yabon 'yan takara su cika kasuwa, a ba mawaƙi mota da kujerar Makka. Wa zai yi waƙar tsadar taki? Wa zai yi ta manomin da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, ko ta mai tebur irina da ake karɓar haraji a hannunsa ba rasit?

Mu ma muna da laifi. Mu ne muke liƙa wa maroƙi kuɗi, mu bar mai faɗin gaskiya da yunwa. Ina kira ga 'yan uwana, in an samu yaro mai waƙar halin da muke ciki, mu kira shi bukukuwanmu, mu sa waƙarsa a shagunanmu, mu sallame shi da abin kirki. Ku kuma mawaƙa, mota tana tsufa, amma waƙar gaskiya jikoki za su gada.

Allah Ya sa mu dace, amin.

Naku mai karatu,
Wani dattijo ɗan tireda, Funtuwa.