Tseren babbar sensa da nauyin da yake ɗora wa lens

A wajen kamun wata amarya cikin birnin Kano na ga wani matashi mai ɗaukar hoto yana ja da baya har sai da gadon bayansa ya jingina da bango. Ƙawaye tara ne suka jeru, shida kawai kyamararsa ke gani. Lens ɗin milimita 50 ne, irin wanda ake kuranta wa, amma ya ɗaura shi a kan Canon mai ƙaramar sensa. Da na tambaye shi, sai ya ce da zarar ya tara kuɗi ful-firem zai saya ya huta. Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin masu sana'ar hoto da bidiyo, kuma kamfanonin kyamara su ma can suka karkata. Akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba.

Sensa ita ce ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto, a gurbin fim na da. Wadda ake kira ful-firem faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24, ma'aunin da aka gada daga fim ɗin da kamfanin Leica na Jamus ya shahara da shi tun daga 1925. Ta ƙasa da ita, APS-C, a kyamarorin Canon milimita 22.3 ce da 14.9, wato filin ful-firem ya ninka nata fiye da sau biyu da rabi. Tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka fito da shi a 2008 kuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne na ful-firem.

Dalilin farko da ya sa ake rububin babbar sensa shi ne haske. Wanda ya tara ruwan sama da baho ya fi wanda ya tara da kofi samu, ko da ruwa ɗaya ya zuba musu. Da rana tsaka a filin hawan sallah bambancin ba ya fitowa sosai, domin haske ya wadaci kowa. Da daddare ne, a zauren dina mai fitilu shuɗi da ja, ake gane babba da yaro. Ƙaramar sensa kan cika fuskar amarya da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi, baƙar fata ta koma toka-toka, zaren aikin babbar riga ya ɓace a cikin inuwa. Ga mu da yawancin waɗanda muke ɗauka baƙaƙen fata ne sanye da farar shadda, iyawar sensa ta riƙe duhu da haske a hoto guda ba ƙaramin al'amari ba ne.

Dalili na biyu farashi ne da ya sauko. Canon 5D ta 2005 ta kawo ful-firem kusa da hannun ƙananan masu sana'a, sannan 5D Mark II ta 2008 ta zo da bidiyo mai kyau har aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin House na Amurka da ita a 2010. Sony ta cire madubin da ke cikin kyamara a ful-firem ɗinta A7 cikin 2013, Canon da Nikon suka biyo baya a 2018. Duk lokacin da sabo ya fito, tsofaffi na gangarowa kasuwar gwanjo, daga nan su iso hannun matasanmu.

To sai dai sensa ba ta aiki ita kaɗai. Lens yana jefa da'irar haske ne, sensa ta yanki nata rabo daga tsakiya. Ƙarama ta yanki kaɗan, shi ya sa milimita 50 na wancan matashi ya koma yana gani kamar milimita 80. Matsalarsa a ranar ba ta buƙatar sabuwar kyamara. Lens na milimita 24 ko 17 zai shigar da ƙawayen duka, a kan kuɗin da bai kai rabin na ful-firem ba. Abin da ke damuna ke nan: sau da yawa ana ɗora wa sensa laifin da na zaɓin lens ne.

Idan kuma an hau ful-firem, dole lens ya girma don ya rufe filinta, gilashi ya ƙaru, nauyi da kuɗi su biyo baya. Lens ɗin Canon na 70-200 mai ƙofar haske f/2.8 ya kusa kilo ɗaya da rabi. Na Panasonic 35-100, wanda ke ganin faɗi iri ɗaya a ƙaramar sensarsa, bai kai giram 400 ba. Wanda ya taɓa yini yana bin ayarin kai amarya da kyamara a wuya ya san ma'anar wannan bambanci a kafaɗarsa. Na sha ganin wanda ya zuba duk jarinsa a jikin kyamara, ya rasa na lens, ya ƙare da mafi arha a kasuwa. Hotonsa bai fi na da ba, wani lokacin ma gefunansa sun fi dushewa, domin babbar sensa tana tona asirin gefen lens da ƙarama ke yankewa.

Sai batun narkewar bayan hoto, wanda shi ne ainihin abin da ke jan hankalin matasa. Babbar sensa na sa mutum ya fito raɗau, bayansa ya narke. Ga hoton mutum ɗaya abin sha'awa ne. A hoton dangi kuwa tarko ne: a buɗe lens zuwa f/1.4, sahun gaba su fito, kawu da gwaggo na sahun baya su zama inuwa. Dole a tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, kuma da an tsuke ta, ribar hasken da aka sayi kyamarar dominta ta ragu. A bidiyo abin ya fi tsanani, don ɗan wasa na motsawa taku ɗaya fokas ya kufce. Shekaru da dama manyan finafinan Hollywood a kan ma'aunin Super 35 ake ɗaukarsu, wanda girmansa ya yi kusa da APS-C.

Wayoyin hannu ma sun shiga tseren. Xiaomi 12S Ultra ta 2022 ta zo da sensar da ake kira inci ɗaya, ko da yake sunan gado ne daga bututun kyamarar talabijin ta da. Ainihin girmanta kusan milimita 13.1 ne da 9.8. Ƙarin girman sensa ne ya sa kumburin kyamara a bayan waya ke ta ƙaruwa, don lens na neman wuri. Samsung kuwa ta bi ta lissafi, megafiksil 200 a Galaxy S23 Ultra, amma a ƙaramin fili fiksil ɗin kan yi ƙanƙanta har sai wayar ta haɗa da yawa su zama ɗaya kafin hoton dare ya yi kyau.

Shawarata ga mai aikin dina da cikin ɗaki ita ce ful-firem ta cancanci kuɗinta, muddin ya ware na lens tun kafin ya taya kyamarar. Mai ɗaukar hawan doki, ƙwallo ko labarai da rana kuwa APS-C ta fi masa, tana kusanto masa da nesa, jakarsa ba nauyi, kuma rarar kuɗin ta isa ta saya masa fitila da batir na biyu.