Yadda ake ɓad da kamar manhaja don kare dukiyar 'yan kasuwa

Duk wanda ya taɓa cinikin gishirin kantu ya san sunan Fachi, garin nan da ke tsakiyar hamadar Tenere a jihar Agadas ta Nijar, inda ayarin raƙuma ke zuwa sarin gishiri da dabino. A zamanin hare-hare mutanen garin sun gina ganuwa da ƙasa mai gishiri, suka jera rumbuna a ciki, domin mahari ya sha wuya kafin ya kai ga hatsi. Yau da kuɗin cinikinmu suka koma cikin wayar salula, masu haɗa manhaja su ma suna da tasu ganuwar, kuma ya kamata mu san yadda take, tunda dukiyarmu ce a ciki.

Ita manhaja, ko ta banki ce ko ta shafin ciniki a intanet, da farko mutum ne ke rubuta ta dalla-dalla, sannan a juya rubutun zuwa yaren da na'ura ke ganewa. To, a nan gizo ke saƙar: manhajojin Android da waɗanda aka rubuta da Java ko .NET suna riƙe sunaye da tsarin asali ko bayan an juya su. Da kayan aiki na kyauta irin su JADX da ILSpy, ɗan damfara zai iya warware manhaja kamar yadda tela ke farke riga ya ga yadda aka yanka ta, ya cusa abin da yake so, ya sake ɗinkewa.

Maganin da masana suka samo shi ne ɓad da kama. Sashen da aka raɗa wa suna “lissafin riba” sai ya koma “a”, na “lambar sirri” ya koma “b”, a share duk bayanin da na'ura ba ta buƙata. Wasu kayan aikin na kuɗi har kulle kalmomi suke yi, su karkata hanyar lissafi ta zama lungu-lungu. Manhajar za ta yi aikinta daram, amma mai leƙe sai ya ruɗe. Mu 'yan kasuwa mun san wannan dabara, domin ita ce ta mai shago da ke rubuta kuɗin sari da baƙaƙen da shi da yaronsa kaɗai suka gane. Tun shekarar 2002 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Eric Lafortune, ya fito da ProGuard don wannan aiki, a 2019 kuma kamfanin Google ya maye gurbinsa da R8 ga masu haɗa manhajar Android.

Sai dai fa ɓad da kama jinkiri yake sa ɓarawo, ba ya hana shi gaba ɗaya. Shaida ita ce WhatsApp na jabu, irin su GBWhatsApp, da ake tura wa juna ta Xender a kasuwanninmu, waɗanda warware na asali aka yi aka sauya. A 2019 kamfanin WhatsApp ya yi gargaɗin dakatar da masu amfani da su, sannan a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin tes na mai waya. Idan muka tuna ta tes banki ke aiko lambar tabbatar da tura kuɗi, za mu gane girman haɗarin.

Don haka, 'yan uwa maza da mata, kada mu yarda mai cajin waya ya zuba mana manhajar kuɗi; mu sauke ta da kanmu daga Play Store. Kada mu saki kaya don an nuna mana hoton rasit, sai mun ga kuɗi a asusunmu. Wanda kuma ya ba da kwangilar haɗa wa shagonsa manhaja, ya tambayi mai aikin ko ya ɓad da kamarta, ya kuma tabbatar makullan sirri suna can a babbar kwamfutar kamfani, ba a cikin wayar kwastoma ba. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.