Bayani a Kan Farfela Bayan An Canza Injin Jirgi

Ya 'yan'uwa fatake da dillalai masu ɗora hatsi a jirgin ruwa tsakanin Yawuri da Gaya, ga magana da ta shafi dukiyarmu. Sau da yawa mai jirgi yakan canza inji, mu yi murna mu yi lodi, sai jirgi ya kasa hawan ruwa, kasuwa ta ci ta watse muna tsakiyar kogi. A ce inji jabu ne, alhali laifin farfela ne.

Ku sani kowace farfela da lamba biyu a jikinta, misali 11 x 13. Ta farko faɗinta ne da inci. Ta biyu takinta ne, wato nisan da za ta tura jirgi a juyi guda. Kamar giyar babbar mota take: babban taki na gudu ne ba kaya, ƙaramin taki na jan nauyi ne.

To farfelar da ta zo da sabon inji galibi ba don jirgin katako mai shaƙe da buhunan gero aka zaɓe ta ba. Injin Yamaha mai doki 40 an yi shi ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe totur duka. In taki ya yi yawa, ba zai kai nan ba. Sai ka ji yana nishi, yana zafi, fulogi na baƙi, mai na ƙarewa. In kuwa taki ya yi kaɗan, sai ya yi ta kururuwa, jirgi bai ci ƙasa ba, inji ya mutu da wuri. Rage inci 1 na taki yakan ƙara juyi wajen 150 zuwa 200.

Kuma kada a tilasta tsohuwar farfela a kan sabon inji. Ta mai doki 15 haƙora 8 gare ta, ta mai doki 40 haƙora 13. Wajen ɗaurawa a kashe inji, a cire wayar fulogi, a shafa giris, a mayar da wasar baya, a ɗaure noti, a sa sabon fin.

Babban abu shi ne gwaji. Ba a gwada farfela da jirgi fanko. A loda shi kamar ranar kasuwa, a fuskanci hawan ruwa, makanike ya auna juyi da agogonsa.

Saboda haka kafin mu ba da kaya, mu tambayi mai jirgi: "Malam, an gwada ta da lodi? Akwai wata a ajiye?" In ya yi shiru, jinkirin yini guda ya fi asarar buhu hamsin. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, amin.